Yadda Ake Amfani da Ƙa'idojin Feng Shui Wajen Sayen Gida da Tsara Wurin Aiki

Feng shui tsohuwar hanya ce da mutanen Sin suke bi wajen zaɓen wurin zama da tsara shi. Tushenta shi ne wani ƙarfi da suke kira chi, wanda a ganinsu yake gudana a cikin ƙasa da gine-gine. Wani rubutu da ake jingina wa Guo Pu, malamin da ya rayu daga shekarar 276 zuwa 324, ya bayyana cewa chi yakan watse idan iska ta kwashe shi, yakan kuma taru inda ya iske ruwa. Kimiyya ba ta tabbatar da samuwar chi ba, kuma babu wata hujja da ta nuna cewa juya kujera yana jawo dukiya. Sai dai da yawa daga cikin ƙa'idojin sun samo asali ne daga dogon lura da rana da iska da ruwa da zirga-zirgar jama'a, kuma wannan ɓangaren ne zai amfani mai neman gida, ko ya yarda da sauran ko bai yarda ba.

A fara dubawa daga waje, domin ana iya rushe bangon ɗaki a sake gina shi, amma ba a iya ɗauke gida daga inda aka gina shi. Tsarin da ake so shi ne gida ya sami majingina a baya, kamar tudu ko gini mai tsayi ko jerin itatuwa, ya sami kariya daidai gwargwado a dama da hagu, sannan gabansa ya kasance a buɗe. Tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijing, wadda aka kammala a 1420, tana fuskantar kudu, da tudun Jingshan da mutane suka tara da hannu a bayanta, da ƙorama a gabanta. Dalilin a fili yake: a arewacin Sin iskar hunturu mai tsananin sanyi daga arewa take zuwa, rana kuma ta kudu take haskowa. Saboda haka kada a ɗauki fuskantar kudu a matsayin doka ta ko'ina. A ƙasashen da ke kudancin duniya rana ta arewa take bi, a wurare masu zafi kuwa abin nema shi ne inuwa da mashigar iska. Mai saye ya riƙe kamfas, ya san inda ƙofa da manyan tagogi suke kallo, kuma ya ziyarci gidan da safe, da la'asar, da kuma bayan an yi ruwan sama.

Daga nan sai a lura da titi. Gidan da masanan wannan fanni suka fi ƙyama shi ne wanda ke ƙarshen mahaɗa mai siffar harafin T, inda titi ya miƙe ya nufo ƙofa kai tsaye. Su suna cewa chi ne yake afkowa da ƙarfi. Mazaunin gidan kuwa abin da zai gani shi ne fitilun motoci a tagarsa da dare, da ƙara, da ƙura, da haɗarin motar da ta ƙwace wa direba. Haka nan gidan da ke gefen waje na kwanar titi, da wanda ƙasarsa ta fi titi gangarawa, wanda ruwa zai riƙa kwararowa cikinsa. Ana kuma guje wa kusurwar wani gini mai kaifi da ta nuno ƙofa. A Hong Kong an yi ta ce-ce-ku-ce kan dogon ginin Bankin Sin da I. M. Pei ya zana, wanda aka buɗe a 1990, saboda kaifin kusurwoyinsa. Wannan ƙa'idar, a ganina, ba ta kai sauran nauyi ba, kuma itace ko shinge ya isa ya kare ta.

A cikin gida, a tsaya a bakin ƙofa a duba abin da ido ya fara gani. Idan ƙofar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, ko matattakala ta fuskanci ƙofa, ko banɗaki ne ya tari mai shigowa, feng shui yana ɗaukar hakan a matsayin aibi. Na farko ana gyara shi da labule ko kanta da za ta karya layin, sauran biyun kuwa sai an taɓa gini, don haka a lissafa kuɗin gyaran kafin a yi ciniki. A ɗakin girki ba a son murhu ya haɗa kafaɗa da wurin wanke-wanke, domin wuta da ruwa suna cikin abubuwa biyar na wannan tsari, tare da itace da ƙasa da ƙarfe, kuma ruwa ne yake kashe wuta. Ɗaki mai kusurwa huɗu ya fi mai lungu-lungu, ko don sauƙin jera kaya. Duk wannan ba ya maye gurbin injiniyan da zai duba harsashi da rufi da wayoyin lantarki, ko lauyan da zai tantance takardun mallaka.

Akwai kuma batun lamba, wanda ya shafi kasuwa kai tsaye. A harshen Sinanci furucin huɗu yana kama da na mutuwa, na takwas kuma yana kama da na bunƙasa. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan gidajen yankin Vancouver na Kanada ya gano cewa a unguwannin da 'yan asalin Sin suke da yawa, farashin gidan da lambarsa ta ƙare da 4 yakan ragu da kimanin kashi 2.2 cikin ɗari, na mai ƙarewa da 8 kuma yakan ƙaru da kimanin kashi 2.5. Wanda zai sayi gida a irin wannan kasuwa da niyyar sayarwa nan gaba ya kamata ya sa wannan a lissafi.

Wurin aiki ya fi sauƙi, tunda kusan komai ana iya matsar da shi. Babbar ƙa'ida ita ce a ajiye tebur inda mai zama zai ga ƙofa ba tare da ya waiwaya ba, amma kada ya zauna daidai saitinta, sannan a bayansa a sami bango. Kusurwar da ta fi nisa da ƙofa ita ce ta fi dacewa. Mutumin da ya ba ƙofa baya hankalinsa yakan rabu, domin duk motsin da ya ji sai ya juya. Idan ɗakin ya matse har dole tebur ya kalli bango, a sa ƙaramin madubi da zai nuna ƙofa, a kuma yi amfani da kujera mai dogon baya. Taga ta kasance a gefe, don hasken da ya fito daga baya yakan hana ganin allon kwamfuta sosai, wanda ya fito daga gaba kuma ya gajiyar da ido. A kauce wa zama ƙarƙashin gungumen kankare ko katako da ya gitta silin, ko kanta mai nauyi da ke rataye a saman kai.

A kwashe tarkace, a ɗaure wayoyi wuri ɗaya, a gyara ko a fitar da duk abin da ya lalace, a sa shuka mai rai idan akwai hasken da zai riƙe ta. Game da bagua, wato taswirar da ke raba ɗaki sassa takwas kamar na dukiya da suna da aiki, masanan kansu sun rabu: na gargajiya suna ɗora ta bisa kamfas ɗinsu mai suna luopan, mai nuna fuskoki 24, yayin da mabiya Lin Yun, wanda ya yaɗa tsarinsa a Amurka a shekarun 1980, suke ɗora ta bisa ƙofar shiga. Kusurwar dukiya a wajen wannan tana iya zama ta wani abu dabam a wajen wancan, saboda haka ba na ganin hikimar kashe kuɗi kan gumaka da duwatsun ado da ake tallatawa da sunanta. Bayan an matsar da tebur, a yi aiki a sabon wurin na wasu kwanaki, a lura da haske da ƙara da zafi a lokuta dabam-dabam, kafin a huda bango ko a ja sabuwar waya.