Masu ciwon suga: yadda za ku amfana da kiran ma'aikacin lafiya

'Yan'uwa, in asibitinku na da ma'aikacin lafiya da ke bibiyar masu ciwon suga ta waya, don Allah kada kiran ya ƙare a "yaya jiki?", "da sauƙi". Da wannan amsar ba abin da zai iya gyara muku.

Ku tanadi ɗan littafi kusa da wayar. Ku riƙa rubuta awon suga na safe kafin karin kumallo, da abin da kuka ci, da ranar da shan magani ya wuce ku. In kun sha lemon kwalba a wurin biki, ku faɗa, ba faɗa zai yi muku ba.

Sannan ku tsayar da abu ɗaya tak da za ku canza kafin kira na gaba. Ko rage malmalar tuwon dare, ko tafiyar minti 30 bayan la'asar sau biyar a mako, wato minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Wanda ya rungumi canji biyar lokaci guda da wuya ya ɗore.

Amma in awo ya nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu na'urorin, ga karkarwa da gumi, kada a jira kira. A sha abu mai zaƙi nan take, in bai daidaita ba a wuce asibiti.