Neman kogo a duwatsun Jos: daga ƙofar mai unguwa ake farawa

Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara shiga kogwannin duwatsun Jos, nakan ce masa ya mayar da waya aljihu tukuna. Taswirar waya za ta kai ka Lamingo, ta nuna maka duwatsun Shere da tsayinsu ya haura mita 1,800, amma bakin kogo ba ya cikinta. Masu saninsa su ne maharba da yaran da ke kiwon awaki da matan da ke zuwa itace.

Saboda haka ka fara da gaisuwa. Ka je wurin mai unguwa ko dagacin ƙauyen da ke gindin dutsen, ka faɗi sunanka da inda ka fito da abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da ɗan jagora, ku yi jinga tun kafin ku tashi. A nan ne kuma za ka ji ko yankin lafiya lau yake a wannan makon, domin lamarin tsaro a Filato ba abin wasa ba ne. Ni da kaina na taɓa tsallake wannan gaisuwar. Mu uku muka kama hanya kai tsaye, muna dab da wata tsaga sai wani dattijo ya taso daga gonar accarsa yana ɗaga mana hannu. "'Ya'yana, wa ya ba ku izini?" Na ce, "Baba, kallo kawai muka zo yi." Ashe wurin al'adarsu ne, ko 'yan garin ba kowa ke taka shi ba. Haƙuri muka ba shi muka juya, kuma har yau ina jin nauyin abin. Afizere da Berom da sauran mutanen tsaunin nan suna da wurare irin wannan da yawa. In aka ce kada ka shiga, kada ka tsaya neman dalili.

Ka san irin kogon da za ka tarar. Duwatsunmu ba masu narkewa da ruwa ba ne, don haka ba mu da dogayen ramuka masu tafiyar kilomita. Namu manyan duwatsu ne da suka hau kan juna suka bar ɗaki a tsakani, irin jerin da ake gani a Riyom. Wani rarrafe za ka yi ka shiga, sai ka ji sanyi ya bugi fuskarka, warin kashin jemage ya cika maka hanci, rema ta ruga ta ɓuya a lungu.

Abin da na fi jin tsoro ga sabon shiga shi ne ramukan kuza. Daga Bukuru zuwa Barikin Ladi ƙasa cike take da tsofaffin ramukan haƙa, wasu ciyawa ta rufe bakinsu. Waɗannan ba kogo ba ne. Bangonsu ƙasa ce mai zabtarewa, iskar da ke ƙasansu kan shaƙe mutum bai ankara ba. Ko leƙawa kada ka yi.

Ka je da rani, daga Nuwamba zuwa Maris, kuma da hantsi. Da damina dutse santsi yake yi, ruwa kuma kan kwararo ta tsaga cikin 'yan mintuna. Ruwan sama ne ya tsare yara 12 'yan ƙwallon ƙafa da kocinsu a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a 2018.

Kada ku gaza mutum uku, huɗu ya fi: in ɗaya ya ji rauni, wani ya zauna da shi, biyu su nemo taimako. Kowa da tocilan goshi, da wata ta hannu, da batir na ajiya. Fitilar waya ba ta shiga lissafi. Hular kwano ko ta masu babur ce, kambas mai kama dutse, dogon wando, safar hannu, ruwan sha. A gida ka bar wa wani sunan ƙauyen da ƙarfe nawa za ka dawo.

A bakin kogo ka dakata ka kasa kunne. In ka ji gunjin zuma, ku ja da baya a hankali. Ka haska ko'ina kafin ka ɗora hannu, don kasa da gamsheƙa suna son inuwar nan. Inda kashin jemage ya taru ya bushe, ka ɗaura takunkumi kada ka tayar da ƙura, akwai ƙwayar cutar huhu da ke rayuwa a cikinsa. Kada ka kunna wuta don korar jemagu, gidansu ka shigo.

Za ka iya cin karo da tsingaro ko dutsen niƙa ko 'yan duwatsu masu kaifi. Ka ɗauki hoto ka bar su inda suke. A mafakar dutse ta Rop, a nan Filato, masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi tono a 1944 ya samo kayan aikin dutse na mutanen dā, kuma irin wannan abu darajarsa tana tare da wurin da yake kwance. In ka ga abin da ya yi kama da haka, ka sanar da Gidan Tarihi na Jos. Rubuta suna da fenti ko gawayi a jikin dutse kuwa ɓarna ce tsagwaronta. Leda da gorar ruwa su koma jakarka.

Da kun sauko, ku koma ku yi wa mai unguwa ban-gajiya, ku sallami ɗan jagora. A gida ka wanke kayan da ka sa daban, ka duba jikinka ko kaska ta maƙale. In zazzaɓi ko tari ya kama ka cikin mako biyu zuwa uku, ka gaya wa likita kai tsaye cewa ka shiga kogon jemagu.