Yadda za ka kafa gandun itacen katako ya rayu har ya kai sara

Duk damina sai ka ga an fito da 'yan bishiyoyi cikin leda ana ta dashe, ka koma wurin a watan Janairu ba ko ɗaya da ya rage. Abin na ci min rai sosai don ni ma ya taɓa samuna a gonata da ke hanyar Kachia, bishiyar malaina 300 na dasa a ƙarshen Agusta, ruwa ya ɗauke saiwa ba ta kama ƙasa ba, gara ta ci nata, sauran kuma wutar 'yan farautar gafiya ta lashe su rana ɗaya. Tun daga nan na gane dashen kwana biyu ne kawai, ainihin aikin yana cikin shekara uku na farko.

Fara da duba ƙasarka kafin ka zaɓi iri. Itacen tik asalinsa daga Indiya da ƙasar Bama (Myanmar) yake, yana son ƙasa mai zurfi wadda ruwa baya kwanciya da kuma damina mai tsawo, shi ya sa ya karɓi dajin Nimbiya can kudancin jihar Kaduna. Idan gonarka marmara ce ko tsakuwa dan Allah kar ka wahalar da kanka da shi. Itacen turare kuwa ɗan Ostireliya ne, duk mai bin hanyar Mando ya san shi a dajin Afaka, yana jure ƙasa mara ƙarfi kuma ya miƙe sambal, amma fa akwai shan ruwa, kar ka kai shi bakin rijiya ko fadama. Malaina akwai saurin girma sai dai katakonta ba nauyi. Madaci namu ne na gida kuma katakonsa ja mai daraja, matsalarsa wata tsutsa ce da ke huda kan tohon sai ya yi ta rassa ya ƙi miƙewa, toh shi kar ka yi masa gona guda, ka warwatsa shi cikin sauran.

Irin tik yana da taurin kai wajen tsiro. Ka jiƙa shi da dare ka shanya da rana kamar sati biyu kafin ka zuba a bedi, wato fangalin renon iri. Bayan shekara idan kaurinsa ya kai babban yatsa sai ka tuge, ka datse sama ka bar santimita 2 zuwa 3, saiwar kuma ka bar 15 zuwa 20, wannan ɗan guntun shi za ka dasa, za ka cika buhu da ɗaruruwa ka ɗora a mashin ba wahalar jigilar leda.

Rami tun Mayu ake haƙa shi, faɗi da zurfi kamar ƙafa ɗaya, tazara mita 3 kowane gefe, hakan zai ba ka bishiya 1,111 a hekta. Dashe kuma ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli lokacin da ruwa ya zauna, da yamma ko ranar da gari ya yi lumshi. In dashen cikin leda yake, yaga ledar ka cire gaba ɗaya, na sha tono matattun bishiyoyi na tarar da saiwa a nannaɗe cikin leda kamar gammo. Taki sai wanda ya ruɓe sosai, ɗanyen kashin shanu gara yake kira, kuma turare garar ta fi yi wa ɓarna yana ƙarami, don haka ka sa maganin gara a ramin. Ka ajiye wasu 'yan bishiyoyin a gefe don cike gurbin waɗanda suka mutu kafin Agusta ya shiga.

Shekara biyun farko ka shuka gyaɗa ko wake ko waken suya a tsakanin layuka. Kaga noman da kake wa amfanin gona shi ne noman bishiyar, ga ɗan kuɗin da zai rage maka zafi, kuma awaki da shanu ba a cika sakin su a gonar da ke da shuka ba.

Wuta ita ce babbar magana. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba, kafin gamba da tofa su bushe ƙarau, ka share kewayen gonar faɗin mita 5 ko fiye har ƙasa ta fito fili, cikin gonar ma ka sassabe ka kwashe. Kar ka jira hunturu, iskar Disamba tana tsallakar da tartsatsi. Ka je ka gaida mai unguwa da makiyayan da ke kusa ku san juna, wallahi gaisuwar nan ta fi shingen waya tsare gona.

Sai ragi, wanda mutane suka fi jin ciwonsa. Wajen shekara ta 5 idan rassa sun haɗe sama, dole ka sare karkatattu da raunana kusan rabi, ka sayar a matsayin turaku da itacen girki. In ka ƙi saboda tausayi duk za su tashi sirara ba wanda zai ba da filanki. Rassan ƙasa kuma ka dinga datse su da zarto daf da jiki da rani, don kar katakon ya yi ido.

In kuma filinka tsohon daji ne da masu gawayi suka cinye, duba kututturen doka da kirya da marke da kaɗanya tukuna, yawancinsu da ransu. Zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowanne ka cire sauran, dabarar da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya yaɗa tare da manoman Maraɗi tun 1983 kenan, kuma tohon ya fi dashe sauri tunda saiwarsa ta riga ta yi nisa. Turare da malaina ma haka suke, ranar sara ka nemi izinin malaman daji, ka yanke kusa da ƙasa a karkace yadda ruwa ba zai zauna a kai ba, damina na zuwa za su sake fitowa ba sai ka sayi sabon iri ba.