Yadda za ka yi bankwana da tsohon dokin sukuwa

Dokina akawal ne. Ya yi shekara shida yana tsere, sannan ya yi goma sha ɗaya a hannuna bayan ƙafarsa ta gaba ta hana shi gudu. Ranar da ya mutu wani ya ce a zo a ɗauke mushen, kalmar ta soke ni, na rasa ta inda zan fara. Ga abin da na so a ce wani ya gaya mini a safiyar ranar.

Kafin a taɓa shi, ka nemo almakashi da zare. Ka ware gashin wutsiya kamar kaurin babban yatsa, ka ɗaure tam daga sama, sannan ka yanka, don kada ya watse. Ka wanke da sabulu, ka shanya ya bushe sarai, in ba haka ba zai yi fumfuna a inda ka ajiye. In yana da ƙarfen kofato, a cire maka ɗaya. Ni na yanki wutsiya na manta da geza, har yau abin yana cina, don gezar ce nake tsefewa kowace safiya.

Kada ka manta da abokin zamansa. Doki dabbar garke ce. Ka kawo wanda suke barga ɗaya ya shinshina shi, ka ba shi lokaci har ya juya da kansa. Goɗiyata ta daɗe a tsaye a kansa, daga baya ta koma kiwo. Ka sa ido a kan cin abokin zaman na 'yan kwanaki.

Binnewa aiki ne babba, domin dokin tsere yakan kai kilo 500. Ka fara tambayar hukuma, akwai wuraren da doka ta hana binne babbar dabba a gida ko gona. Ramin ya yi zurfi, ya yi nesa da rijiya da rafi. In likitan dabbobi ne ya yi masa allurar da ta raba shi da wahala, maganin yana nan a jikinsa, kare ko ungulu ya ci zai iya mutuwa, don haka a rufe shi da wuri.

A ina? Wurin da ya fi kama da shi. Red Rum, dokin da ya ci babbar gasar tseren dawaki ta Grand National a 1973 da 1974 da 1977, da ya mutu a 1995 an binne shi daidai layin ƙarshe na filin Aintree a Ingila. A Amurka an saba binne kai da zuciya da kofatan zakaran doki kawai, amma shahararren dokin tsere Secretariat an binne shi ɗungurungum a gonar Claiborne da ke Kentucky a 1989. Nawa yana gindin bishiyar da yake tsayawa da rana, ya ɗage ƙafar baya ɗaya yana gyangyaɗi.

Cikin makon farko ka samu littafi ka rubuta. Sunansa, launinsa, shekarar haihuwa, tseren da ya yi, waɗannan ba sa ɓacewa. Abin da ke saurin gushewa shi ne halinsa: yadda yake karɓar linzami, abin da ke firgita shi, haniniyar da yake yi in ya ji takunka. Ko bai taɓa cin gasa ba ka rubuta. Haru Urara, wata goɗiya ta Japan, ta yi tsere 113 ba ta zo ta ɗaya ko sau ɗaya ba, kuma mutanen ƙasar sun ƙaunace ta matuƙa.

Ka nemi ɗan bargar da ya rene shi da mahayin da ya hau shi, ka sanar da su da bakinka, kada su ji a bakin wani. Ka tambaye su labarinsa, ka ƙara a littafin. Daga wurin tsohon mahayinsa na ji cewa ba ya son a riga shi fita, abin da ya bayyana mini dalilin da yake dukan ƙofa kowace asuba.

Sirdi da likkafa da sauran kaya ka ba wa mai riƙon wani tsohon doki, ba sai yau ba, sai ranar da zuciyarka ta yarda. Ni na yi wata huɗu kafin na iya. Ragamarsa kaɗai na riƙe, tana rataye a turkensa.