Darasi na Tara: Gawayi da Ruwan Rini

A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake cewa tun shekarar 1498 take aiki, da baba da toka da ruwa ake haɗa shuni. Duk daga ƙasa suka fito, kuma ƙasa suke komawa. Amma galurar da masu rinin shadda ke saya a kasuwa yau, a masana'anta ake haɗa ta. Wani matashi a Ingila, William Perkin, shi ya fara yin irinta a 1856. An yi ta ne don ta kama tufa, kada rana ko sabulu su kore ta. Wannan taurin kai nata shi ne matsalarmu, domin idan ta shiga kwata haka take zama, ba ta ruɓewa da wuri.

Ruwan da ya rine yana tare hasken rana, ciyawar cikin kogi ta mutu, kifi ya rasa iska. Wasu galurorin kuma idan suka wargaje suna zama sinadarai masu iya jawo ciwon daji. Wanda ya taɓa ganin kwatocin Sharada da Bompai, ko ruwan da ke gangarawa kogin Challawa, ya san launin da ake magana. Kuma da irin wannan ruwa wasu ke ban-ruwan lambu.

Me gawayi yake yi?

Ɗauki gawayi ka duba shi da kyau. Cike yake da ƙananan ƙofofi, yawancinsu ido ba ya gani. Idan ruwan rini ya ratsa su, galurar sai ta manne a jikin bangonsu kamar yadda ƙarangiya ke manne wa wando, ruwan ya wuce. Akwai gawayi na musamman da ake gasawa a masana'anta da zafi mai tsanani da tururi don ƙofofin su ƙaru. Giram ɗaya nasa, da za a shimfiɗe bangon ƙofofinsa, zai rufe fili mai murabba'in mita 500 ko fiye. Namu na gida bai kai shi ƙarfi ba, amma yana aiki, kuma ba sai an sare itace ba.

Ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, garin katako, ƙwallon goruba, duk suna yin gawayi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a cashe ba ɓuntu ne, shi ya sa za ka gan shi tsibi-tsibi a bayan injinan Kura. Zuba wanda ka samu a garwa mai murfi, ka huda ƙaramar ƙofa a murfin, ka hura wuta a ƙarƙashi. Idan hayaƙi ya daina fita, toshe ƙofar ka bar shi ya huce. Kada ka buɗe da zafi, iska za ta shiga ya zama toka. Wanke shi, shanya, sannan ka daka.

Gwaji kafin aiki

Cika kwalabe biyu da ruwan rini. Zuba cokali biyu na garin gawayi a ɗaya, ka girgiza sosai, ka ajiye su su kwana. Da safe ka tace da ƙyalle ka kwatanta. Wata galurar tana kamuwa nan take, wata kuwa sai ka ƙara gawayi. Gwajin ne zai gaya maka irin taka.

Haɗa matatar ruwa

Da farko bar ruwan ya kwana a duro, laka ta kwanta. Garin ƙwayar zogale yana taimaka mata ta kwanta da sauri. Sai ka sami wani duro ka huda gindinsa. Jera tsakuwa a ƙasa, yashi a kai, sannan gawayi mai kauri, ka rufe da buhu. A nan kada gawayin ya yi laushi kamar gari, zai toshe. Girman ƙwayar dawa ya isa. Zuba ruwan a hankali. Mai gaggawa ruwa mai launi zai tara, domin galura tana bukatar lokaci kafin ta manne. Sa safar hannu ta roba, sodar da ke cikin ruwan rini tana cin fata.

Ranar da launi ya fara dawowa, gawayin ya ƙoshi, a canza shi.

Ga inda mutane ke kuskure. Gawayi bai kashe galurar ba, ɗauke ta kawai ya yi, tana jikinsa. Kada a dafa abinci da shi, kada a watsa shi a kwata ko gona. A binne shi a ramin da aka daɓe da yumɓu, nesa da rijiya. Ruwan da ya fito ma, ko ya yi garai-garai, akwai sauran soda da gishiri a cikinsa. Ba na sha ba ne, ba na alwala ba, ba na dabbobi ba. A mayar da shi wajen ɗauraye kayan rini.

Aikin gida: yi gwajin kwalba da gawayi iri biyu. Rubuta sunan kowanne, yawan cokalin da ka zuba, da launin da ka gani da safe. Kawo kwalaben aji.