Yadda za ka rubuta fim ɗin masoyan da boda ta raba

In kana son rubuta labarin masoya biyu da iyakar ƙasa ta shiga tsakaninsu, to kafin ma ka raɗa wa jarumi da jaruma suna, fara zaɓar bodar tukuna, ka zauna ka karance ta ciki da bai. Wallahi nan ne da yawa ke zamewa, a cika fim da kuka da waƙa amma mai kallo bai san takamaimai me ya hana mutanen nan haɗuwa ba.

Kowace boda da kalar muguntarta. Ɗauki birnin Berlin na ƙasar Jamus. Mutane sun kwanta lafiya, gari na wayewa ranar 13 ga Agusta 1961 suka tarar an ja waya mai ƙaya an raba birnin biyu, saurayi a yamma budurwa a gabas alhali jiya-jiyan nan jirgin ƙasa ɗaya ke kai shi unguwarsu. Sai a Disambar 1963 aka fara ba mutanen Berlin ta Yamma takardar shiga gabas, ita ma don ziyarar dangi ce kawai, kuma ba kwana. To shi saurayi ai ba dangi ba ne, ya zai yi kenan? Ya shirga ƙarya a fom? Ya roƙi ɗan'uwanta ya kai masa saƙo? Ka ga dokar da kanta ta ba ka sin, wato fitowa, har uku ba ka wahala ba.

Koriya kuma wani abu ne daban, tun da aka tsagaita wuta a yaƙin Koriya ta Arewa da ta Kudu a 1953 talaka ba wasiƙa ba waya tsakanin ɓangarorin biyu, sai a 1985 aka fara haɗa wasu iyalai ƙalilan na ɗan lokaci. In nan ka zaɓa ka sani fim ɗinka na jira ne da furfura, ba na tsallake shinge ba. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 kuwa addini da dangi za su shigo ko kana so ko ba ka so.

Kar ka yi gaggawar raba su. Ba mu lokaci mu gan su tare, faɗansu, tsokanarsu, wani ɗan alkawari da ba a kai ga cikawa ba, don in ba mu saba da su ba rabuwarsu ba za ta taɓa mu ba.

Sannan don Allah jami'in boda kar ka mai da shi shaiɗani mai zare ido. Ni dai wanda ya fi karya min zuciya shi ne mai ladabin nan da zai duba fasfo a natse, ya miƙo maka ya ce ka yi haƙuri, takardarka ba ta cika ba.

Sai lissafin shekaru, shi kam ba a wasa da shi. An buɗe bangon Berlin, wanda ya maye gurbin wayar nan mai ƙaya, ranar 9 ga Nuwamba 1989, shekara 28 kenan bayan raba birnin. In an raba su tana da 22, za ta fito tana da 50, wataƙila da miji da 'ya'ya, wataƙila ma ta wuce shi a cikin taron ba ta gane shi ba. Tun daga shafin farko ka yanke me za ta ce masa in sun haɗa ido, ko kuma za ta iya cewa komai ma.