Yadda zaka shirya wa abokin karawarka kafin wasan gasa a gem ɗin ƙwallo na FC

Duk mai zama gidajen gem na Jos, daga Bauchi Road zuwa Unguwar Rogo da Rikkos, ya san wasan "wanda aka ci ya biya" daban, wasan gasa da aka zuba kuɗi aka rubuta sunaye a takarda shima daban. Na farko hannu kawai ake nunawa ayi dariya a tashi. A na biyu ne zaka ga yaron da kowa ke tsoro saboda yanka an fitar dashi tun zagayen farko, kuma wanda ya fitar dashi ko sikil ɗaya bai iya ba, zama kawai yayi ya karance shi tun kafin ranar. To wannan karatun nake so muyi, domin mutumin dake riƙe da fad, wato abun danna gem, kake shirya ma, Madrid ɗin dake kan allo duk abun da ya danna shi zata yi.

Mataki na farko, tambayi dokoki

Kafin komai kaje wajen mai haɗa gasar ka tambaye shi dalla-dalla. Wane gem ne, FC na EA ko eFootball na Konami, tunda har yau FIFA da PES muke cewa duk da PES ya canza suna tun 2021, FIFA kuma ya koma FC a 2023. In FC ne wanne, saboda daga FC 25 sun sauya tsarin taktik gaba ɗaya, suka kawo abun da suke kira FC IQ inda kowane ɗan wasa kake bashi rawar da zai taka, wanda ya saba da na 24 zai shiga menu ya rasa ina ya dosa. Minti nawa ne rabi, 6 ko 5 ko 4. Kulob kawai ake ɗauka ko har ƙasa, kuma mutum biyu zasu iya ɗaukar tim ɗaya. Wasa ɗaya ne ko gida da waje, in anyi canjaras ƙarin lokaci ne ko fenariti kai tsaye. Wannan duk tambayar minti biyu ce amma duk sauran shirin a kanta yake zaune.

Mataki na biyu, je ka kalle shi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane basa yi saboda girman kai. Ka samu inda yake bugawa kaje ka tsaya a baya kamar mai jiran layi, ka kalli wasa biyu ko uku nasa, in da hali har da wanda aka ci shi, don wanda yayi nasara 5-0 ba abun da zai koya maka sai tsoro. Kuma kar ka bi ƙwallo da ido kamar ɗan kallo, abubuwa kaɗan zaka riƙe.

Ka fara da inda ƙwallayensa suke fitowa. Kusan kowa yanada hanya ɗaya ko biyu da yake ci, ko ya sani ko bai sani ba. Wani zai bi gefe da gudu har layin ƙarshe ya dawo da ita baya a ƙasa wa wanda yake shigowa, wani turu kawai yake jira, wato fasin da ake zurawa gaban mai gudu ta tsakanin 'yan baya, da sitiraika ya motsa ya danna maɓallin tirayangul, wani kuma sai ya zo bakin akwati ya juyo kan ƙafarsa mai ƙarfi ya murɗa ta da maɓallin R1 zuwa can lungun raga. Akwai kuma 'yan kuros da basa tunanin komai sai kan Haaland. In ka ga ƙwallo uku cikin biyar sun fito ta hanya ɗaya to ka samu rabin abun da kazo nema.

Sannan ka kalli yadda yake tsaron gida, wannan ma yafi muhimmanci wlh. Idan ƙwallo ta kuɓuce masa wa yake fara kamawa, ɗan tsakiya ko difenda? Wanda yake janyo difendan tsakiya ya fito dashi daga layi yana bin ƙwallo, wannan kyauta ce Allah ya baka, ramin da ya bari a baya nan zaka dinga zura fasin. Wanda kuma yake kama ɗan tsakiya ya toshe hanya ya bar kwamfuta ta riƙe masa 'yan baya, wannan sai da haƙuri. Ka duba yatsansa ma, in hannun damansa yana taɓa analog na dama wajen canza ɗan wasa to ya san abun da yake yi, in L1 kawai yake ta dannawa zai dinga kama wanda bai yi niyya ba idan ka juya wasa da sauri daga gefe zuwa gefe. Ka kuma lura ko yana riƙe R2, maɓallin gudu, kullum kamar an ɗaure masa yatsa, irin waɗannan kafin minti na 65 'yan wasansu sun gama numfashi.

Na ƙarshe halinsa. In aka ci shi me yake yi, yana nutsuwa ko yana fara surutu da zagin fad yana tura kowa gaba. In shi ya ci fa, yana komawa baya ya fara juya ƙwallo ko yana neman na biyu. Da wasa ya ƙare in basu yi saurin fita ba ka leƙa allon lissafi, yawan riƙe ƙwallo da shot da fasin duk suna nan.

Mataki na uku, tim da fomeshan

Mutane suna ɓata lokaci a gardamar tim. Ɗauki wanda hannunka ya saba dashi, ka san wa ke da ƙafar hagu wa ke da gudu, shikenan. Abu ɗaya dai, in zai ɗau Madrid da Mbappe da Vinicius, kar ka kawo 'yan baya masu nauyin jiki don kawai lambar ƙwarewar da gem ya basu tana da yawa, duba gudunsu, in akwai mai sauri a benci ka sa shi.

Fomeshan kuwa amsa ce ga abun da ka gani. In ɗan gefe ne, 4-4-2 ko 4-2-3-1 zasu baka mutum biyu a kowane gefe, ka bar fulbak ɗinka su zauna a baya kar su hau, kuma idan ya kai layin ƙarshe kar ka bi shi da difendan tsakiya, kama ɗan tsakiyarka ka dawo dashi wajen ɗigon fenariti don nan ƙwallon zata dawo. In kuma mai cushe tsakiya ne irin masu 4-1-2-1-2 matsattse da fasin gajeru, gefensa a buɗe yake, 4-3-3 da winga biyu da zasu tsaya can bakin layi zasu wahalar dashi, amma dole ka ajiye ɗan tsakiya ɗaya da aikinsa kawai zama gaban 'yan baya. Mai baya biyar shi ne mai cin rai, zai zauna ya jira kayi kuskure ya ƙwace ya kawo maka harin gaggawa, maganinsa kar ka tura fulbak biyu lokaci ɗaya, ka juya ƙwallo a bakin akwati har ya gaji ya janyo mutum ɗaya. Ni dai ra'ayina 4-2-3-1 ita ce mafi aminci in baka samu damar kallon mutum ba, bata da ban sha'awa amma bata cika kunyata mai ita ba.

Sai tsayin layin baya, wanda a sababbin FC lamba ce daga 1 zuwa 100. Da mai turu da masu gudu kar ka wuce wajen 45 zuwa 50. Da wanda yake rikicewa in an matsa masa, kai shi 65 ko sama ka hana shi sakat tun daga golansa. Amma kar ka kai ƙasa sosai don tsoro, in ka tara kowa cikin akwati ka bashi filin murɗa shot daga waje.

Af, game da kwafo taktik ɗin manyan 'yan wasa daga YouTube, tunda yanzu lamba kawai zaka sa ta shigo maka gaba ɗaya. Ba laifi ka kalli irin su Anders Vejrgang ɗan Denmak, zaka koyi abubuwa, sai dai su a Ultimate Team suke bugawa, ɓangaren da mutum yake haɗa tim ɗinsa da katunan 'yan wasa, kowa yana gudu kamar barewa, kai kuma ɓangaren Kick Off zaka buga da tim na gaskiya. Abun da yafi dacewa ka ɗauka wajensu shine tsaron gida. Msdossary ɗan Saudiyya da ya ɗau kofin duniya na gem ɗin FIFA a Landan a 2018, wasan ƙarshe 4-0 ya ci jimilla a karawa biyu, ko ɗaya ba'a zura masa ba.

Mataki na huɗu, ajiye shiri na biyu da na uku

Kar ka shiga da taktik ɗaya. Haɗa guda na lokacin da aka fi ka ƙwallo, sitiraika biyu da layi a sama, da guda na lokacin da kake gaba saura minti goma. Ka gwada su da abokinka kwana ɗaya kafin gasa ka tabbatar ka san yadda zaka canza su da maɓallan kibiya ba tare da ka tsayar da wasa ba, kuma ka duba wa yake komawa ina in ka canza, don wani lokacin sai ka tarar winga ya koma fulbak.

Mataki na biyar, mintuna 15 na farko

In rabi minti 6 ne, minti 15 na cikin gem minti 2 ne kacal a agogonka, to ka bada su wajen tabbatar da abun da ka gani. Riƙe ƙwallo, yi fasin marasa haɗari, kai ɗan tsakiyarka kusa da difendansa ka gani zai fito ko ba zai fito ba. Aika turu ɗaya ko da ba zata kai ba, ka ga yana bin mai gudu da hannu ko kwamfuta yake bar wa. In ya canza salo saboda ya ganka kana kallonsa jiya, to yanzu zaka gane tun ba'a makara ba. Kuma abun da ka gano kar ka ƙona shi sau biyar a jere, mai wayo zai toshe, yi sau ɗaya ka canza hanya ka dawo masa daga baya.

Ka kula da lokacin da aka ɗora ƙwallo a tsakiya bayan an ci, nan ake yawan rama wa mutum yana cikin murna. Da ka ci ka ajiye ihun, kama ɗan tsakiya ka ja baya. Canji biyar gareka, wajen minti 60 zuwa 70 ka shigo da winga mai sabon jini a gefen da fulbak ɗinsa ya fi hawa. Fenariti kuma in ka taɓa ganin inda yake bugawa, yawanci in abu yayi zafi can yake komawa.

Sai kayan aiki

Kafin a busa ka shiga saitin fad. Mu da muka taso da PES da yawa maɓallin sukwaya ne shot a wajenmu, a FC kuwa asali sakul ne, sai ka canza zuwa ɗaya tsarin, kuma wanda ya tashi daga kujerar ba lallai irin naka yake amfani dashi ba. Saki analog ka gani ko ɗan wasa yana tafiya da kansa, in yana ja ka nemi a canza maka tun yanzu, in da naka fad ɗin kazo dashi da wayarsa. In talabijin ɗin yanada saitin gem a kunna, yana rage jinkirin dake tsakanin dannawa da motsi. Ku kuma yi magana da mai gasa a gaban kowa kan me za'a yi in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa kafin a tada janareta, a ci gaba daga sakamakon da ake da mintin da ya rage ko a sake daga farko. In lokacin sanyi ne kuma gasar ta kai dare, kasan yadda Jos take a Disamba, sa hannu a aljihun rigar sanyi kana jiran layinka, ka roƙi a baka wasa ɗaya na ɗumama yatsu kafin a kira sunanka.